Haro a Bakin Ramin Dutse

A arewacin tsibirinmu na Guernsey, tsakanin Ingila da Faransa, inda dutse ya fi ƙasar noma yawa, duk wanda ya yi wayo kafin babban yaƙin duniya na farko ya san Judith Ogier. Doguwa ce, busasshiya, mai faffaɗan tafin hannu irin na maza. Ta tsufa ita kaɗai a ɗan gidanta na bakin ramin fasa dutse, daga ita sai saniya da kaji. Ba ta da fara'a, ba ta kuma da mugunta. In ka gaishe ta za ta amsa, in ka tsaya jan hira sai ta dubi sama ta ce hadari na tafe, ko da rana ake ƙwallawa. Yara marasa jin magana sukan laɓe a bayan shinge su yi mata ihun "haro" su zura da gudu, kuma duk wanda labari ya kai kunnen uwarsa, ranar sai ya ci na jaki.

Tun tana ƙanƙanuwa ta fara jin kalmar. Ubanta yana da 'yar gona, wata rana maƙwabcinsa ya kawo leburori su rushe shingen ƙasa da ya raba su, wai iyakar ta shigo masa. Aka yi cacar baki, aka yi zage-zage, diga ba ta daina aiki ba. Sai uban ya tsayar da mutum biyu masu wucewa su zama shaida, ya cire hula, ya durƙusa cikin taɓo, ya ɗaga murya: "Haro, haro, haro! Ka kawo mini ɗauki, ya sarkina, ana zaluntata!" Ya bi da Addu'ar Ubangiji da Faransanci, daga farko har amin. Kafin ya rufe baki ƙartin nan sun yar da diga da shebur. Haka dokarmu take tun kaka da kakanni: in an yi haro a kan wuri, hannu ba ya sake taɓa shi sai alƙalai sun duba. Wanda ya taɓa zai gamu da kotu, wanda ya yi kiran a kan ƙarya shi ma zai ɗanɗana kuɗarsa.

Malamin makaranta yakan ce sunan wani sarkin dā ne na Normandi, can ƙasar Faransa, ake kira. Tsofaffin masunta kuwa suna cewa ƙarya yake, ihun da ake yi wa karnuka ne su bi ɓarawo. Judith ba ruwanta da asali. Abin da ta gani da idonta shi ne akwai kalmar da in ka faɗa, mugun abu yakan tsaya cak. Saboda haka da ciwon maƙogwaro ya kama ƙanenta, numfashinsa ya koma kamar ana zarto, sai ta fita ƙofar gida ta durƙusa ta yi haro da iyakar ƙarfinta. Uban ya fito ya kwaɗa mata mari.

"Ke, wa ya taɓa miki gona?" in ji shi. "Haro na ƙasa ne. Ba a yi wa ciwo, ba a yi wa duka, ba a yi wa mutuwa. In mutum ne, a kira likita ko fasto. In ƙasa ce, a kira sarki. Kar in ƙara ji."

Yaron bai kai Lahadi ba. Judith ta riƙe karatun, kuma ita ce ta gaji gonar tunda babu wani namiji.

Ta auri Nico Ogier, mai fasa dutse, mutum mai sanyin hali da ba ya iya hana kaza shiga ɗaki. A lokacin ramin yana can nesa da gonar, amma Ingila na son dutsenmu don shimfiɗa tituna, kowace shekara bakin ramin yana ƙara matsowa. Ɗansu Tobie yana rarrafe aka dasa wata nakiya don bango ya faɗi gabas, ya tashi ya faɗi yamma, inda Nico yake tsaye. Wani matashi ne mai suna Hedley Duquemin ya dasa ta. An yi bincike, an ce ba laifinsa ba ne, dutsen ne yake da tsaga a ciki wadda ido ba ya gani. Aka kawo wa Judith mijinta a kan ƙyauren ƙofa, an rufe da tamfol, aka roƙe ta kada ta buɗe. Ta buɗe.

Da nono da man shanu ta reni Tobie, da ciyawar teku da take jidowa a kan baya ta sayar wa masu neman taki. Ta rantse ƙafarsa ba za ta taka ramin nan ba. Amma a yankinmu namiji ko ya shiga teku ko ya shiga rami, kuma Tobie ko a ƙaramin kwalekwale amai yake yi.

"Inna, duk garin nan dutse ne," ya ce da ita ranar da ya dawo da guduma a kafaɗa. "In ban fasa dutse ba me zan fasa, ƙwan kajinki?"

"Kanka za ka fasa, ɗan banza."

"Ai wannan ba ya fasuwa, naki na gado."

Ta jefe shi da ludayi, ya goce yana dariya. Shi kaɗai ne a duniya yake iya tsokanarta ya kwana lafiya. Ya girma ya zama ƙato, mai son wake da ƙafar alade, mai waƙa da muguwar murya. Ya auri Adele, 'yar wani masunci, ya kawo ta gidan. Mutane suka zuba ido su ga yadda za a kwashe tsakanin suruka da matar ɗa, ba su samu abin da suke so ba. Judith ba ta iya daɗin baki ba, amma kullum in ta tace nono, maiƙon sama a kofin Adele yake ƙarewa.

A ƙarshen wata kaka aka yi ruwa kamar ba za a daina ba. Bangon ramin da ke ƙarƙashin gonar Judith ya sha ya ƙoshi, da hantsi ya zame. Masu aiki suka watse, kowa ya yi ta kansa. Tobie ya faɗa wani lungu da aka sassaƙa a jikin bango, inda ake fakewa in za a tayar da nakiya, duwatsu da laka suka zubo suka toshe bakin lungun. A sama kuma wani dutse mai girman ɗaki ya tsage daga bango ya sunkuyo daidai kan tulin, bai faɗo ba, bai kuma zauna ba, sai tsakuwa yake zubarwa.

Ko da Judith da Adele suka iso ƙasan ramin, an yi tsit ana saurare. Daga cikin dutse ana jin guduma tana bugawa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Tobie na da rai.

Hedley Duquemin ne shugaban ma'aikata a lokacin, gashinsa ya fara furfura. Ya zo gaban Judith da hula a hannu.

"Inna Judith, ga yadda abin yake. Ba mai iya haƙa a ƙarƙashin wancan dutse, ko tari ka yi zai iya sauko maka. Sai mun kawar da shi tukun. Zan huda shi ta baya, in sa nakiya kaɗan, ya faɗi waje cikin ruwan da ya taru a ƙasan ramin can. Daga nan kafin rana ta faɗi mun fito da Tobie."

"Ya faɗi waje," in ji ta.

"Waje zai faɗi."

"Wancan ma gabas ka ce zai faɗi."

Fuskarsa ta yi fari. Bai yi musu ba, ya ce, "Ban manta ba, Inna Judith. Ko kwana ɗaya ban manta ba. Amma wannan na duba shi, kuma ba ni da wata hanya."

"In ya faɗi ciki fa?"

"In ya faɗi ciki, ya faɗi ciki. In mun bar shi, sanyi zai ƙarasa Tobie a hankali."

Adele ta riƙo hannun surukarta. "Inna, ki bar su. Sun fi mu sanin dutse."

Judith ta fizge. Ta bi masu hawa da sandunan huda dutse tana roƙo, ta kama rigar wannan, ta tare gaban wancan. Ta kira su da sunayen iyayensu mata, ta tuna musu nonon da suka sha a ƙofar gidanta. Ta ce ɗanta ne a ƙasa, shi ke nan gare ta. Suka yi ta kau da kai suna cewa ta yi haƙuri. Babu mugu a cikinsu, duk abokan Tobie ne, amma kukan uwa ba ya tsayar da aiki, kuma ta san haka.

Da ta kai sama, ta tsaya tana haki, sai idonta ya faɗa kan bayan dutsen da za a huda. Akwai ciyawa a kansa, da guntun shinge, da turken da ta ɗaure saniya a makon jiya. Ramin ya daɗe yana cin gindin gonarta ta ƙasa ba ta sani ba. Dutsen nan ƙasarta ce.

Ta waiwaya ta ga tsoho Lenfestey mai amalanke da surukinsa suna tsaye. "Lenfestey, matso. Kai ma matso."

Tsohon ya dubi fuskarta ya gane. "Judith, don Allah kar ki sa ni cikin wannan."

"Idonka nake so, ba bakinka ba."

Ta zare ɗankwalinta, ta durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta ƙwala kiran har bangon ramin ya amsa. "Haro, haro, haro! Ka kawo mini ɗauki, ya sarkina, ana zaluntata!" Guduma ta tsaya a sama a hannun mai bugawa. Ta karanta addu'ar a tsanake, ba ta tsallake ko kalma ba, don ta san kuskure ɗaya yana iya ɓata kiran. Maza suka cire huluna, abin da hannu ya saba. Wasu har da amin suka ce.

Duquemin ya hauro yana numfashi sama sama. "Me aka taɓa miki?"

"Ƙasata."

"Ƙasarki. Ba ɗanki ba?"

"Ƙasata na ce, Hedley. Ga shingena, ga turkena. Shaidu sun ji."

Daga ƙasan ramin Adele take kururuwa, "Inna, me kika yi? Inna! Mijina ne!" Amma Adele ba ta da ko taki ɗaya na ƙasa a tsibirin nan, don haka ba ta da bakin magana.

Baƙo zai ce me ya hana Duquemin ya yi kunnen uwar shegu ya kunna lagwanin nakiya, in ya so a ɗaure shi daga baya. Baƙo bai san mu ba. An haife mu da tsoron kalmar nan, masu hudar dutse sun riga sun ajiye sanduna, ko da bulala ba za su ɗauka ba. Ban da haka, shi kansa Duquemin zuciyarsa rawa take. Ya taɓa rantsuwa a kan dutse, dutse ya kunyata shi. In ya karya haro, dutsen ya faɗi ciki, ya kashe uba ya kashe ɗa ke nan, kuma wannan karon babu binciken da zai wanke shi. Sai ya tura Lenfestey birni a guje ya kai maganar kotu, ya roƙi a hanzarta. Shi kuma ya tuɓe riga ya ɗauki shebur.

Suka fara haƙa ta gefe da hannu, inda haro bai hana ba. Judith na gaba, tana jan duwatsu har faratanta suka tsattsage. Duk abin da suka kwashe, bango ya zubo da wani. Da wani ɓangare ya ɓalle ya karya kafaɗar mutum guda, sai mata suka shigo ramin kowace ta ja nata. Ba wanda ya ga laifinsu. Aka bar Judith da Duquemin da Adele suna tono kamar kaji a juji, aikin da ƙarti ashirin ba su iya ba.

Alƙalai kuwa sai an kira ɓangare biyu, sai an nemo wanda ya san tsohuwar iyaka, ga Lahadi ta shiga tsakani. A tsibirinmu ko saniya ce ta faɗa rijiya ranar Lahadi, sai an ji ta bakin fasto kafin a nemo igiya. Ruwa ya ɗauke, iska mai sanyi ta taso daga teku.

Judith takan ɗauki guduma ta buga bango, ta kara kunne. Tobie yakan amsa. Da farko har da iya shege yake amsawa, yana buga kiɗan wata waƙar mashaya da ta hana shi rerawa a gida, ita kuwa sai ta ce, "Ji ɗan banza," hawaye na zuba. Daga baya kiɗan ya tafi, sai bugu ɗaya ɗaya. Daga baya sai ta buga sau da yawa kafin ya amsa.

Duquemin ya same ta a zaune a kan tulin. "Inna Judith, magana ɗaya ce. Ƙasarki ce, in kin ce kin yarda a gaban shaidunki, yanzu zan hau."

"A'a."

"Ki saurare shi mana. Ƙarfinsa ƙarewa yake."

"Yana bugawa. Wanda ka tayar wa nakiya ba ya bugawa. Na gani, na buɗe tamfol."

Adele ta zo ta durƙusa a gabanta cikin laka, ta kama ƙafafunta. Muryarta ta dushe, da ƙyar ake ji. "Inna, ban taɓa roƙonki komai ba. Ki bar su. In ya mutu da nakiya na yafe miki, na yafe wa Hedley, wallahi na yafe. Amma kar ki sa in zauna ina jin sa yana ƙarewa."

Judith ta ɗora hannu a kan Adele, abin da ba ta taɓa yi ba. "'Yata, yanzu yana da rai. Da bakina kike so in ce a kunna?"

Mutanen yankinmu sun yi shekara da shekaru suna gardama a kan wannan amsa, a mashaya da ƙofar coci. Masu zaginta ba su ga abin da ke ƙarƙashin tamfol ba. Masu kare ta ba su ji bugun nan yana raguwa ba. Ita dai tsoro ne ya riƙe ta, tsoro tsantsa, irin wanda yake sa mutum ya ƙanƙame abin da ke hannunsa ko da yana nutsewa da shi.

Ranar Litinin da rana bugun ya tsaya. Ta buga, ta buga, ta kira sunansa a tsagar dutse. Duquemin ya sake roƙo. Ta ce barci yake, ya gaji ne, yaron nan tun yana goye barcinsa nauyi gare shi. Ta ce a jira alƙalai, ai gobe za su zo.

Washegari da hantsi suka iso a keken doki, da dogayen takalma. Suka hau, suka dubi shinge, suka dubi turke, suka ji ta bakin wani tsoho da ya san iyakar tun zamanin ubanta. Ba su daɗe ba. Babbansu ya juyo ya ce kiran Judith Ogier yana kan gaskiya, kamfanin ya ci mata iyaka, dutsen nan nata ne, ba mai taɓa shi sai da yardarta. Ta yi nasara. Ba wanda ya ɗaga kai.

Sai alƙalin ya sassauta murya. "Uwargida, doka ta gama nata. Yanzu me kike so a yi da dutsenki?"

Judith ta dubi tulin da ya kwana shiru. Leɓunanta sun bushe sun tsage. Ta ce, "Ku tayar."

Duquemin da kansa ya huda, da kansa ya dasa, da kansa ya kunna. Ƙarar ba ta ma kai yadda aka zata ba. Dutsen ya ɗan yi jim, ya karkata, ya faɗi waje cikin ruwan ƙasan ramin, daidai inda ya nuna tun ranar farko. Ko tsakuwa ba ta sauka a kan tulin ba. Maza suka afka da shebur, har waɗanda matansu suka ja. Rana ba ta karkata sosai ba suka buɗe bakin lungun.

Tobie na zaune ya jingina da bango, ya cusa hannuwa a hammata, gudumar tana kan cinyarsa. Ko ƙashi ɗaya bai karye ba. Aka fito da shi aka shimfiɗe a kan buhuna, mutane suka ja baya suka ba uwar wuri.

Ta durƙusa, ta share masa laka daga gemu. Ta ɓalle maɓallan rigarsa ta zura hannu ta ɗora a ƙirji, yadda takan yi in tana duba zazzaɓi. Zuciya ba ta bugawa. Amma can ƙarƙashin hammata, inda rigar ulu ta rufe, akwai sauran ɗumi, alamar bai daɗe da cikawa ba.

Duquemin yana tsaye a kanta, shi ne ya ɗauko shi, ya riga ya ji abin da ta ji. Ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Ya daɗe da cikawa, Inna Judith. Tun jiya da bugun ya tsaya. Ko da kin yarda da daddare, da ba mu same shi da rai ba."

"Hedley," in ji ta, "yi shiru."

Mata biyu suka kawo Adele suna riƙe da ita. Ta zube a ɗaya gefen, ta miƙo hannu tana neman jikin mijinta. Duquemin ya yi wa Judith ido, ya nuna rigar da haɓa, wato ta rufe, ta ɓalla maɓallan, yarinyar ba sai ta sani ba. Judith ta gani sarai. Ta zare hannunta, ta bar rigar a buɗe, ta matsa gefe.

Adele ta sa hannu a wurin. Ta ɗago ta dubi surukarta, ba ta cire hannun ba. Judith ta miƙe ta tsaya a kansu, alƙalai da ma'aikata suna jira, har ɗumin ya ƙare.